Katin Tallafin Abinci a Shagunan Gidan Mai da Zangon Manyan Motoci a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan sun fi fitowa daga bakin 'yan uwanmu direbobin tirela da masu tasi a Amurka, sai kuma iyalan da ke kama doguwar hanya zuwa biki ko gaisuwar rasuwa a wata jiha. A unguwa kowa ya san shagon da ke karɓar katinsa. A kan babbar hanya ne ake rikicewa: tsakar dare, yaro yana kuka a kujerar baya, ba ko'ina a buɗe sai shagon gidan mai. Katin yana aiki a irin waɗannan wurare fiye da yadda mutanenmu suke zato, sai dai yana da ƙa'idojin da ya kamata mutum ya sani tun kafin ya tsaya gaban mai karɓar kuɗi da layi a bayansa.

Wane kati ake nufi?

Katin EBT, wanda gwamnatin jiha take zuba kuɗin SNAP, wato shirin tallafin abinci na gwamnatin Amurka, a cikinsa kowane wata. Tsofaffin zuwa har yanzu "fud istam" suke ce masa, domin da takardun kufon ake rabawa. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar shirin a 1964, aka gama komawa kati a dukkan jihohi a 2004, aka sauya masa suna zuwa SNAP a 2008. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne ta hannun Ma'aikatar Noma, jihohi kuma su ke tantance mutane su raba. A 2024 mutum sama da miliyan 41 ke karɓa duk wata. A lissafin da ya fara aiki a Oktoban 2025, mafi yawan abin da mutum ɗaya zai samu a wata a galibin jihohi dala 298 ne, gida mai mutum huɗu kuma dala 994. Yawancin gidaje ba sa kai wannan adadi, domin ana ragewa gwargwadon abin da ke shigo musu.

Shagon gidan mai yana karɓa kuwa? Ta yaya zan gane?

Da yawa suna karɓa. Shagunan da ke da izinin karɓar SNAP a faɗin ƙasar sun haura 250,000, kuma ƙananan shaguna irin na gidan mai da na bakin layi su ne rukuni mafi yawa a cikinsu. Za ka tarar da rassan 7-Eleven da Circle K da Wawa da Sheetz masu yawa suna karɓa.

Duba ƙofa ko gilashi kafin ka shiga, akan manna takarda mai rubutun EBT ko SNAP, ko tambarin Quest. Idan ba ka gani ba, tambaya ba ta zama laifi, amma ka yi ta kafin ka cika hannu da kaya. Wanda ya fi duka sauƙi shi ne shafin Ma'aikatar Noma mai suna SNAP Retailer Locator: ka rubuta sunan gari ko lambar gidan waya ta wurin, taswira ta nuna maka shagunan da ke da izini. Direban da ya san inda zai kwana yana iya dubawa tun da safe.

Zangon manyan motoci fa, irin su Pilot da Love's da TA? Na taɓa biya a wani reshe, na je wani aka ce a'a.

Ba rainin hankali aka yi maka ba. Izinin ba na sunan kamfani ba ne, na kowane reshe ne shi kaɗai. Kafin a ba shago izini, sai an ga yana ajiye abincin gida na yau da kullum kashi huɗu: kayan lambu ko 'ya'yan itace, madara da danginta, nama ko kaji ko kifi, sai burodi da hatsi. Ko kuma ya kasance fiye da rabin cinikinsa daga irin wannan abinci yake fitowa. Wurin da fiye da rabin cinikinsa dafaffen abinci ne na ci nan take, doka tana ɗaukarsa gidan abinci, ba shago ba.

Zango kuwa wuri ne mai ɗakuna da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ga shago, ga gidan abinci, ga teburin biyan kuɗin dizal, ga wurin wanka. Idan katin zai yi aiki, a teburin shagon zai yi. Gidan kaza ko na fiza da ke manne a gefe lissafinsa daban. Wani reshen kuma mai shi ɗan kasuwa ne da ya karɓi sunan kamfani kawai, bai nemi izinin ba.

To me zan iya saya?

Nan ne gizo ke saƙar. Ƙa'idar da ta fi kama mutane ita ce ta zafi da sanyi: duk abin da yake da zafi lokacin da ake biyan kuɗinsa, SNAP ba ya biya. Soyayyar kazar da ke cikin gilashi mai fitila, yankan fiza, dankali soyayye, miyar da ke tukunya, kofi ko shayin da ka tsiyaya daga tulun zafi, duk a'a. Amma kofin kwalba da ke cikin firji, katin zai biya. Sanwicin da aka naɗe aka sa a firji, zai biya. Wannan sanwicin ɗin dai, idan ka ce a gasa maka kafin ka biya, ya fita daga lissafi.

Abin da za ka samu a kusan kowane shagon hanya kuma katin ya ɗauka: ruwan gora, madara, yogot, cuku, dafaffen ƙwai mai sanyi, ayaba da tuffa, burodi, biskit, gyaɗa da man gyaɗa, kifin gwangwani, wake na gwangwani, taliyar kofi, garin kunun hatsi na safe, madarar jarirai, har da jakar ƙanƙara ta sanyaya kaya.

Abin da ba ya biya ko a ina: giya, taba, magani ko da na ciwon kai ne, bitamin, sabulu, man goge baki, takardar bayan gida, kunzugun yara na zamani, abincin kare da kyanwa, cajar waya, tikitin caca.

Ni a ganina dokar zafi da sanyin nan tana takura wa matafiyi da wanda ba shi da murhu. Lokacin da aka tsara ta, macen da za ta kai cefane gida ta ɗora tukunya aka yi tunani, ba direban da ya yi sa'a goma sha ɗaya a bayan sitiyari cikin hunturu ba. Amma doka ce, kuma na'urar shagon ce take tantance kaya da kanta. Yarinyar da ke bayan tebur ba ta da ikon sauya komai, don haka ɗaga mata murya ba ya sa kazar ta shiga.

Idan na sayi abu da sanyinsa, na ɗumama a na'urar ɗumama abinci ta shagon?

Ka biya tukuna, sannan ka ɗumama da hannunka. Abin da doka take dubawa shi ne yanayin abincin lokacin ciniki. Direbobi da yawa haka suke yi da taliyar kofi da abincin kwali mai ƙanƙara. Kuskuren shi ne ka ɗumama sannan ka kawo tebur yana tururi.

Zan iya shan mai da shi? Kuɗin wanka ko na ajiye mota fa?

A'a. SNAP na abinci ne kawai, kuma famfon mai ba ya karanta shi.

Abin da ke rikita mutane shi ne kati ɗaya yana iya ɗaukar aljihu biyu. Gidan da ke karɓar tallafin tsabar kuɗi na TANF, ko wani irinsa na jiha, a katin nan ake zuba masa. Shi ya sa na'ura take tambaya: abinci ko tsabar kuɗi? Aljihun tsabar kuɗin ana iya cire shi a na'urar ATM, a sayi mai ko kunzugu ko abinci mai zafi. Na'urorin ATM na zangon hanya sukan caji kuɗin cirewa mai nauyi, ka karanta allon kafin ka danna. Dokar tarayya ta 2012 ta hana cire wannan kuɗi a shagon giya da gidan caca.

Idan ka haɗa kaya, misali madara da burodi da kofi mai zafi, ba sai an raba ciniki biyu ba a yawancin shaguna. Ka fara goga EBT, ya ɗauki nasa, ragowar ka biya da kuɗi ko katin banki.

Lemon kwalba da alawa da lemon ƙara kuzari fa?

Shekara da shekaru amsar e ce a ko'ina. Yanzu ta danganta da jihar da ka tsaya. A Mayun 2025 Ma'aikatar Noma ta amince wa Nebraska ta cire lemon kwalba da lemon ƙara kuzari daga SNAP, ita ce ta farko. Ranar 1 ga Janairun 2026 hanin ya fara aiki a Nebraska da Iowa da Indiana da Utah da West Virginia, kowace da jerin kayanta, wasu jihohin kuma irin su Teksas da Filorida suka karɓi tasu amincewar. Shagon yana bin dokar jihar da yake ciki ne. Mai katin Niyok da ya tsaya a Indiana, dokar Indiana ce za ta hau kansa. Wanda ke bin babbar hanya ta I-80 zai ratsa huɗu daga cikin jihohin nan biyar a tafiya ɗaya.

Lemon ƙara kuzari, abokin hirar direbobin dare, yana da wata ƙa'ida tun asali. Juya gwangwanin. Idan an rubuta "Nutrition Facts", abinci ne a idon doka. Idan "Supplement Facts" aka rubuta, ana lissafa shi da magunguna, kuma katin ba zai ɗauka ba a kowace jiha. Ƙananan kwalaben nan da ake jerawa kusa da tebur galibi irin na biyun ne.

Katina na wata jiha ne. Zai yi aiki idan na ƙetare iyaka?

Zai yi. Wata dokar 2000 ta tilasta wa jihohi su karɓi katin juna, don haka yana aiki a jihohi 50 da birnin Washinton da Guam da tsibiran Virgin na Amurka. Puerto Rico tana da nata tsarin daban.

Abu biyu ne za a kula. Idan aka ga wata da watanni duk cinikinka a wata jiha yake, ofishin SNAP na jiharku na iya aiko takarda yana tambayar ko ka ƙaura. Direban dogon zango ya amsa da wuri, ya nuna shaidar aikinsa da ta gidan da yake biyan haya. Wanda kuma ya ƙaura da gaske, ya rufe na tsohuwar jiha kafin ya buɗe sabo, domin karɓa a jiha biyu lokaci guda babban laifi ne. Na biyu, wasu jihohi suna ba ka damar toshe cinikin wajen jiha a manhajar katin don tsaro. Idan ka kunna wannan, ka tuna ka buɗe kafin ka kama hanya.

Maigida yana hanya mako biyu, iyali suna gida. Wa zai riƙe katin?

Duk wanda sunansa ke cikin takardar gidan yana da ikon amfani da katin, ko da sunan mutum ɗaya ne a rubuce a jikinsa. Shawarata, katin ya zauna wurin uwargida. Dala ɗaya a babban kanti ta fi auki nesa ba kusa ba, kuma yara su ne suka fi buƙata. Kafin tafiya a yi wa maigida guzuri daga cefanen gida: ruwa katan guda, dabino, gyaɗa, kifin gwangwani, miyar da aka daskarar a ƙananan robobi idan motar tana da firji. Fatake ma ba sa barin gida sai da guzuri, abin da ake saya a zango cikon hanya ne.

Abokin aiki ko maƙwabci kuwa, ba a ba shi kati ya je ya yi cefanen gidansa. Idan tsoho ne ko maras lafiya ke son wani ya riƙa yi masa sayayya, ofishi yana da takardar naɗa wakili.

Ta yaya Musulmi zai sami halal a irin wannan shago?

Sai da karanta takardar jikin kaya. Yawancin sanwicin firji da naman alade ake yi, kuma kalmomin da za a gudu su ne ham, bacon, pepperoni, pork da lard. Busasshen naman da ke rataye kamar kilishi, ko na sa ne, ba yankan Musulunci ba ne sai an ga tambarin halal, wani ma akan haɗa shi da alade. Alawa mai danƙo da wasu yogot suna ɗauke da gelatin, sinadarin da ke sa su danƙo, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Kifi da ƙwai da cuku da 'ya'yan itace su ne suka fi kwantar da hankali. Mai azumin da magariba ta riska a hanya zai sami ruwa da madara da ayaba kusan a ko'ina, dabino ne dai sai ya zo da abinsa.

Nama a saye shi a gida. Mahautan halal da shagunan kayan Afirka da yawa a Bronx da Harlem da Houston suna da izinin karɓar EBT. Dabba mai rai katin ba ya biya, sai idan an yanka ta kafin ka ɗauka kuma wurin yana da izini.

Ba asara ba ce cefane a shagon gidan mai?

Idan ya zama na kullum, asara ce. Gorar ruwa ɗaya a zango tana iya cin kuɗin da zai sayi goma a babban kanti. Iyalan Amurka ma sun san haka: duk da yawan ƙananan shaguna, kuɗin SNAP da ake kashewa a cikinsu bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, mafi yawa a manyan kantuna yake ƙarewa. Kuɗin da ya rage a ƙarshen wata kuma ba ya ƙonewa, yana hawa kan na gaba. Sai kati ya yi wata tara ba a taɓa shi ba ake share abin da ke ciki.

Amma akwai wanda ba shi da mota, akwai mai aikin dare, akwai ƙauyen da babban kanti ke da nisan mil 30. Ga waɗannan, shagon gidan mai shi ne kasuwa, kuma ba wanda ya isa ya ga laifinsu.

An ce sai na sayi kayan dala 5 kafin a goga mini, wani kuma ya nemi katin shaida. Daidai ne?

Ba daidai ba ne. Shago ba shi da ikon sa wa mai SNAP mafi ƙarancin ciniki, ko ƙara masa kuɗin goga kati, ko ɗora harajin saye a kan abin da SNAP ya biya. Kati da lambar sirri sun wadatar, ba a neman shaida. Ba a kuma ware wa masu EBT layi daban. Karɓi rasidinka kullum, a ƙasansa ake rubuta abin da ya rage. Idan ka mayar da kaya, kuɗin cikin kati yake komawa, ba a ba ka a hannu.

Mai shago ya ce zai goge dala 100 ya ba ni 50 a hannu. Ko ya ba ni bashi, in kuɗi ya shigo ya cire.

Kada ka yarda da ko ɗaya, ko da ɗan garinku ne, ko da masallaci ɗaya kuke. Na san matsin da ke kai mutum ga wannan: kuɗin haya ya zo, daga gida an bugo waya ana neman taimako. Amma ka duba lissafin. Rabin abincin yaranka ya tafi aljihun wani. Idan aka kama, laifin farko dakatarwar wata 12 ce, na biyu wata 24, na uku har abada, kuma idan abin ya kai dala 500 ana iya cire ka daga shirin har abada tun karon farko. Shagon zai rasa izininsa. Ga baƙo kuma, shari'ar zamba tana iya bin sa har teburin neman zama ɗan ƙasa. Ana gano irin wannan ne daga bayanan na'ura, domin ƙaramin shagon da ake ta goge manyan kuɗi masu cif-cif a cikinsa ba ya ɓuya.

Bashin ma, duk da ya yi kama da mutuncin da muka saba da mai kantin unguwa, dokar SNAP ta hana biyan tsohon bashi da kati.

Ana cewa ana sace kuɗin kati a irin waɗannan shaguna. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ce tambayar da na fi so kowa ya riƙe. Ɓarayi suna ɗora murfin bogi a kan na'urar goga kati, mai kama da ta ainihi sak. Yana kwafe bayanan baƙin layin bayan katin da lambar sirrin da ka danna. Sai su jira daren da kuɗi zai shigo, su kwashe shi a wata jiha kafin gari ya waye. Sau da yawa mai shagon ma bai sani ba. Katin banki yana da ɗan ƙarfen tsaro a jikinsa, amma yawancin katunan EBT ba su da shi. Kalifoniya ce ta fara raba masu shi a 2025.

Gwamnatin tarayya ta riƙa mayar wa mutane abin da aka sace daga 1 ga Oktoban 2022 zuwa 20 ga Disamban 2024. Daga nan aka daina. A yawancin jihohi yanzu, abin da ya tafi ya tafi.

Saboda haka, ɗan jijjiga saman na'urar kafin ka goga, idan yana motsi ko ya yi kauri fiye da kima ka fasa. Rufe hannunka da ɗayan lokacin danna lamba. Sauya lambar sirri kowane wata kafin ranar shigar kuɗi, da kuma duk lokacin da ka dawo daga tafiya. Idan jiharku tana amfani da manhajar ebtEDGE ko ConnectEBT mai maɓallin kulle kati, ka bar shi a kulle, ka buɗe a gaban tebur, ka sake kullewa kana fita. Saƙon waya da ke cewa an rufe katinka ka turo lambar sirri, na ɓarawo ne. Ofishi ba ya tambayar lambar sirri.

Babu wani lokaci da ake yarda da abinci mai zafi?

Akwai biyu. Wasu jihohi, ciki har da Arizona da Kalifoniya da Illinois da Maryland da Michigan da Niyok da Virginia, suna da shirin cin abinci a zaɓaɓɓun gidajen abinci, amma na 'yan shekara 60 zuwa sama ne da masu naƙasa da marasa matsuguni. Sai kuma bayan bala'i, inda akan ɗage hanin na 'yan makonni, kamar yadda aka yi a North Carolina bayan guguwar Helene a 2024.

Katin WIC na mata da jarirai fa?

Shiri ne daban da katinsa daban. Shagunan hanya kaɗan ne ke karɓarsa, kuma galibi ba ya aiki a wajen jihar da ta bayar. Mai jego ta sayi madarar jariri tun a gida.

Kowane baƙo ne zai iya nema?

A'a. Mai takardar zama ta dindindin yawanci sai ya cika shekara 5, amma yaransa da ba su kai shekara 18 ba ba sa jira. Ɗalibi mai biza da maziyarci da maras takarda ba sa ciki, sai dai iyaye na iya nema wa ɗan da aka haifa a Amurka. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta cire 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka har sai sun sami takardar dindindin, ta kuma kai sharaɗin sai mutum yana aiki zai ci gaba da karɓa har kan masu shekara 64. Wanda ke da shari'ar shige da fice da ba a gama ba ya ga lauya kafin ya cike takarda.

Ina jin kunyar fitar da katin a gaban mutane.

Na sha jin wannan, musamman daga maza. Kusan mutum ɗaya cikin takwas a Amurka da wannan kati yake cin abinci, da yawa kuma ma'aikata ne masu biyan haraji. Wanda ya cancanta, ya faɗi gaskiya a takardarsa, haƙƙinsa yake karɓa. Mai karɓar kuɗi yana ganin irinsa da yawa kafin ya tashi daga aiki, kuma a goga shi ba ya bambanta da katin banki.

Katin ya ɓace ko ya ƙi aiki ina tsakiyar hanya. Yaya zan yi?

Idan ƙi ya yi, fara duba ko ka bar shi a kulle a manhaja, ko kuɗin bai kai ba, ko akwai kayan da bai cancanta ba a ciki. Kada ka yi ta gwada lambar sirri da ka, domin kuskure uku ko huɗu yana rufe katin. Idan baƙin layin ne ya goge, wasu shaguna suna iya shigar da lambar katin da hannu, kai kuma ka danna lambar sirri da kanka.

Idan ɓacewa ya yi, kira layin masu kula da katin nan take, dare ko rana, a soke shi. Lambar wayar a bayan katin take, don haka ka adana ta a wayarka tun yau. Abin da aka kashe kafin ka kai rahoto ba a mayarwa. Sabon katin adireshinka na gida za a aika, ba zangon da kake ba, kuma yakan ɗauki kwanaki, sai ka sanar da mutanen gida su riƙa duba akwatin wasiƙa.